Shanun Alhaji Layashi Lafiyarsu Ƙalau

Ranar da saniyar nan mai roɗin baƙi da fari ta yi ɓari, Nuwara ce ta fara gani. Ta shigo ɗakin shanu da bokitai bayan sallar asuba, sanyin tuddan Setif yana cin yatsunta, sai ta tarar da ɗan maraƙin yashe a kan ciyawa, ko gashi bai gama fito masa ba. Uwar na tsaye tana nishi, mabiyiya ta maƙale tana reto a bayanta.

Ta ajiye bokitan ta je ta ƙwanƙwasa wa surukinta ƙofa.

Alhaji Layashi ya fito cikin ƙatuwar rigarsa ta ulu, carbi a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa ya leƙa. Ba ya shiga ɗakin shanu da alwala.

"Sidi, a kira likitan dabbobi?"

"Ya zo ya yi me? Ya mayar da shi ciki?"

"Ita ce ta biyu a hunturun nan."

"Ina da ido, na gani." Ya ja carbi. "Hannunki siriri ne, 'yata. Sa ki ciro mata abin nan kada ya ruɓe a ciki. Mijinki ya haƙa rami a bayan katanga. Maganar nan kuma a ɗakin nan ta faru, a nan za ta tsaya."

Nuwara ta naɗe hannun riga. Duk bayan hannunta a tsage yake saboda sanyi da ruwan wanki, amma ta zura shi har kafaɗa, ta lalubo, ta jawo a hankali. Ita ma a lokacin tana da ƙaramin ciki. Wari ya cika ɗakin. Da ta gama ta wanke da sabulu, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta fara tatsa, don motar madara ba ta jiran kowa.

A gidan nan komai a jikin motar yake rataye. Kamfani yana biyan kuɗin madara, amma wannan a dusa da ciyawa yake ƙarewa. Abin da ke riƙe da gidan shi ne tallafin gwamnati. A kan kowace lita da aka ɗura a mota akwai ɗan abin da gwamnati ke ɗorawa, ya taru, ya faɗo asusun Alhaji a gidan waya. Sharaɗi ɗaya ne, shanu su kasance da shaidar lafiya daga ofishin gona. Sunan Alhaji ne a kan shaidar. Ɗansa Allawa, mijin Nuwara, shi ke tuƙa tarakta ya kwaso ciyawa ya kwashe kashi. Uwar Allawa, Lalla Hadda, yatsunta sun ƙage da sanyin ƙashi. Tatsa kuwa, safe da yamma, ta Nuwara ce.

Zazzaɓin bai zo da hayaniya ba. Bayan 'yan makonni sai ta ga da la'asar ta yi jikinta ya ɗauki rawa, haƙora na haɗuwa. Kafin asuba gumi ya jiƙe ta sharkaf har katifa, gumi mai warin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Da safe ta tashi kamar ba ita ba, sai dai gwiwoyi sun yi nauyi. Washegari ma haka.

"Laulayi ne," in ji Lalla Hadda tana murza kuskus a faranti. "Ni cikin Allawa har na haife shi ina rawar ɗari, ban fasa niƙa ba. Ku 'yan yanzu, atishawa ɗaya sai ku ce asibiti."

Ta dafa mata tazargade, Nuwara ta shanye. Aka kira mai ƙaho ya yi mata a baya. Aka karɓo ruwan addu'a, wai ko baki ne ya kama ta.

Wata safiya ta shigo kicin ta tarar da Lalla Hadda tsaye a kan tukunya tana tafasa madarar karin kumallo, har tana barinta ta taso ta koma, ta sake tasowa. Wannan matar ce kullum take cewa dafaffiyar madara ba ta da albarka. Alhaji ma, da ba ya cin kuskus sai da ƙwaryar nono a gefe, ya ce ya daina, wai yana sa masa kumburin ciki. A ranar ne kuma ta ga Allawa yana kwashe kashin shanu da safar hannu ta roba har gwiwar hannu.

Ta same shi a bayan ɗakin shanu yana ɗaure wani ƙarfe a jikin tarakta.

"Kun san abin da ke damuna," ta ce.

Bai ɗago ba. "Wa ya sani in ba Allah ba?"

"To me ya sa Lalla take tafasa madara?"

Ya ajiye sifana, ya duba hagu da dama. "Ki rage murya. Baba yana zaton zazzaɓin Malta ne, irin na shanu. Zato ne fa. Amma kin san in likita ya gwada ya gani, dole ya sanar da hukuma. Su zo su ɗebi jinin shanu, duk wadda aka samu da shi a kai ta mayanka, a soke mu daga tallafi. Kin ga gidan su Si Mabruk na ƙasan rafi? Ɗakin shanunsu yanzu kaji ne a ciki. Diyyar da aka ce za a ba su har yau suna zarya."

"Ni fa ba ni kaɗai ba ce, Allawa." Ta dafa cikinta.

"Na sani. Wallahi na sani. Masu gwaji za su zo ƙarshen wata. Su zo su tafi, su sabunta mana shaida, ni da kaina zan kai ki garin El Eulma wurin likita mai kyau. Ki daure."

"A ba ni safar hannun, to."

Ya dubi hannayensa kamar yanzu ya fara ganinsu. "Ta yi miki yawa. Kuma shanu ba sa son roba a hantsa, sai su riƙe nono."

Ana jibi masu gwaji za su zo, Allawa ya kora shanun da suka yi ɓari da waɗanda ke ɗaure kusa da su zuwa wani tsohon kango na kawunsa a bayan tudu. Aka wanke ɗaki, aka shafa farar ƙasa a bango, aka shimfiɗa sabuwar ciyawa. Nuwara ce ta yi wankin, tana yi tana hutawa a jikin bango. Da safiyar ranar Lalla Hadda ta dube ta sama da ƙasa.

"Fuskar nan taki ba ta ganin baƙi ba ce. Shiga ɗakin ajiya ki kwanta, ki huta abinki. Kada ki fito sai na kira ki."

Ta kwanta a tsakanin buhunan alkama da tulunan man zaitun. Bangon siriri ne, tana jin komai. Ta ji likitan dabbobi yana kiran lambobin kunne, ta ji ya tambayi sauran shanun, Alhaji ya ce ai ya sayar da su tun kaka, abinci ya yi tsada. Ta ji ƙarar kofunan gahawa.

"Alhaji, gaskiya da kowa zai riƙe ɗaki kamar naka da mun huta. Wa ke kula da su?"

"Ni da yaron nan ne, muna ɗan taɓawa."

Sakamako ya fito, shanun Alhaji Layashi lafiyarsu ƙalau. Aka dawo da na bayan tudu, aka ci gaba da zuba madararsu a mota tare da ta saura.

Nuwara ta tuna wa Allawa alkawari. Ya ce tallafin bai faɗo ba tukuna, likita mai kyau kuwa ba ya duba mutum kyauta.

Cikin ya zube wata ranar Talata da hantsi, tana wanke garewanin madara a bakin famfo. Ta ji abu ya murɗe ta, ta tsuguna, ba ta iya miƙewa ba. 'Yarta Rima, mai shekara biyar, ita ce ta ruga ta kira kakarta. Lalla Hadda ta ja ta zuwa ɗaki, ta aika a kira tsohuwar ungozoma ta ƙauye. Da ungozomar ta ga yawan jinin ta ce gara a sa ta a mota a kai ta asibiti. Alhaji daga tsakar gida ya amsa, ya ce hanya duk laka ce, girgizar mota sai ta fi yi mata illa.

Namiji ne, an ce. Ba a nuna mata ba.

"Allah da ya ba da shi ya karɓi abinsa," in ji Lalla Hadda tana gyara mata bargo. "Ni uku na zubar, ga ni nan. Kina da ƙuruciya."

Nuwara ta ce, "Haka ne, Lalla."

Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Ta kwanta tana kallon wata tsaga a rufin ɗaki, tana jin shanu suna kuka saboda hantsa ta cika. Allawa ne ya yi tatsar a kwanakin nan. Hannunsa da ƙarfi, shanun suka riƙa harbi suna zubar da bokiti. Mai motar madara ya tambayi Alhaji ko lafiya, ya ga garewani ba sa cika.

Mako bai cika ba Alhaji ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi gyaran murya.

"'Yata, ya jiki? Madalla. Ni ba na son takura miki. Amma dabbobin nan ke suka sani. Ko a zaune ne, ko rabi ne, yaron nan ya ɗauke miki bokitai. Kwanciya ma ciwo ce."

Ta tashi ta ɗaura ɗankwali.

Da tallafin ya faɗo, Alhaji ya dawo daga gari da buhunan dusa, da tayal na falon baƙi, da ledar lemo da kwalin maganin ciwon jiki, ya ce a kai wa Nuwara. Da ta sake yi wa Allawa magana, sai ya ce yanzu kam lokacin bai dace ba ko kaɗan. Gwamnati za ta raba karsana masu ciki daga ƙasar waje a kan rabin kuɗi, har da injin tatsa, Baba ya sa suna, ana tantance gidaje. Ko ƙishin-ƙishin na ciwo aka ji, an cire su.

"Injin nan fa don ke ne," ya ce. "In ya zo kin huta har abada."

Dusar ƙanƙara ta narke, gonaki suka yi kore. Zazzaɓin yakan tafi mako guda, har ta ce ko ya rabu da ita, sai ya dawo. Daga baya ya bar gwiwoyi ya koma ƙugu. Kujerar tsugunno ta gagare ta, ta koma tatsa a durƙushe, goshinta jingine da cikin saniya. Daga wannan saniya zuwa waccan da rarrafe take zuwa in ba kowa a ɗakin. Abinci ya daina yi mata ɗanɗano. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa, ta cire ta ajiye. Abu ɗaya ne ba ta sake da shi ba, duk abin da zai shiga bakin Rima ita ke tafasawa da hannunta, kuma ta hana ta taka ɗakin shanu. Ban da wannan, ko an yi mata faɗa ko an yi mata sannu duk ɗaya take jin su, kamar ana magana a wani gida.

Wata Juma'a maƙwabciya ta shigo aron rariya ta gan ta tana jan ƙafa tana bin bango, ta ce, "Subhanallahi, Hadda, yarinyar nan ba ku kai ta an duba ba?" Maganar ta fara yawo a ƙauye. Sai Alhaji ya ce a kai ta.

Lalla Hadda ta sa ta yi wanka da ruwan zafi, ta goge mata hannaye da lemon tsami, ta fesa mata turare har cikin gashi, ta ciro mata rigar zuwa biki. A mota Allawa ya yi ta maimaita mata abin da za ta faɗa, daga baya ya ce ta bari kawai shi zai yi magana.

Likitan kuɗi ne, a wani bene a El Eulma, ɗakin jiransa cike da mutane. Ya danna mata baya, ta cije leɓe.

"Akwai zazzaɓi?"

"Ɗan kaɗan, irin na mura," in ji Allawa.

"Kuna kiwo? Shanu, awaki?"

"Ina! Ni direban tasi ne, a cikin gari muke. Ko kyanwa ba mu da ita."

Likitan ya juya tafin hannunta ya ga duk ya yi kanta saboda aiki, ya dubi fuskarta. Nuwara ta dubi kalandar da ke bango.

"Aikin gida ne," Allawa ya ce yana dariya. "Ba ta zama, likita, ka yi mata faɗa."

Aka rubuta allurai na ciwon baya, aka ce ta huta, kada ta ɗauki abu mai nauyi. Suka iso gida daidai tatsar yamma.

Ana cikin girbin alkama ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta farka da asuba ta yunƙura, bayan ya ƙi. Ta sake yunƙurawa, ta faɗo daga gado, ta zauna a ƙasa tana jira wani ya shigo.

Ranar Alhaji ya yi magana mai daɗi ƙwarai. Ya ce yarinyar nan ta yi wa gidan nan wahala, hakkinta ne ta je gidan yayanta Tayyib ta sha iska, ta ga 'yan'uwa, ta murmure. Shi da kansa ya tuƙa ta a motarsa, ya sa mata matashi a baya, ya haɗa ta da buhun alkama da tulun mai. Rima kuwa aka ce ta zauna wurin kakarta, kada ta dami mara lafiya.

Matar Tayyib, Warda, ba ta iya ɓoye abin da ke bakinta ba. Da ta taimaka mata ta cire riga ta ga haƙarƙari, sai ta saki salati.

"Wannan ne shan iskar? Gawa suka kawo mana mu yi mata wanka! Tayyib, nemo mota."

Kafin su tafi Allawa ya kira Nuwara a waya. Muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce in dai har sai an gwada, in an tambaye ta, ta ce nono ta saya a bakin hanya wurin wani mai awaki, ba ta san shi ba. "Don Rima, Nuwara. Abincinta ne a ɗakin shanun nan."

A asibitin gwamnati aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton baya, aka ba ta gado. Likitar mace ce, mai gilashi, da alama a gajiye take. Ta zo ta zauna a bakin gadon.

"'Yar'uwata, zazzaɓin Malta ne, kuma ya daɗe. Ya shiga ƙashin bayanki ya ci. Da a farko kika zo, ƙwayoyi ne na 'yan makonni, shi ke nan. Yanzu za mu yi watanni muna magani. Zazzaɓin zai tafi in Allah ya so, amma bayan nan ba zai koma yadda yake ba. Tun yaushe?"

"Tun hunturu."

"Kin yi ɓari?"

"Na yi."

Likitar ta cire gilashi ta murza ido. "A ina kike taɓa dabbobi?"

Nuwara ta tuna mai awakin bakin hanya. Ta nemi yadda za ta fara, wace hanya ce, wace rana, me ya kai ta. Sai ta ji ba ta da ƙarfin ƙirƙiro mutum guda da awakinsa. Ba fushi ba ne, ba kuma jarumta ba. Gaskiyar ce ta fi kusa da bakinta. Ta faɗi sunan surukinta da sunan ƙauye, ta faɗi shanun da suka yi ɓari, da ramin bayan katanga, da kangon bayan tudu. Da ta gama ta juya ta fuskanci bango ta yi barci.

Warda ce ta kawo mata labarin abin da ya biyo baya, ita ma a wurin wata 'yar ƙauyen ta ji. Ma'aikata sun je gidan Alhaji da motarsu, sun ɗebi jinin kowace dabba. Ba su sami komai ba. Tsofaffin shanun babu ko ɗaya. A makon da ya kawo Nuwara gidan yayanta, a makon ya kwashe su zuwa kasuwar dabbobi ya sayar, ya wanke ɗaki da magani, sababbin karsana suka sauka da lambobinsu masu ƙyalli a kunne. Ma'aikatan sun sha gahawa, sun ba da haƙuri, sun tafi.

"Kin gane?" in ji Warda, tana huci. "Ba don ki huta ya kawo ki ba. Ya ga babu mai tatsa ne, ya ga kuma asiri zai tonu. Ke ba za ki ce komai ba?"

"Me zan ce?"

Daga ranar wayar Allawa ta daina shiga. Bai ba ta takardar saki ba, ba a kuma zo duba ta ba. Aka sallame ta daga asibiti da sanda da ledar magunguna. Ta zauna a gidan Tayyib, a ɗaki ɗaya da 'ya'yansa, tana tsince ƙananan waken lentil a faranti, tana jin yadda yayanta ke rage murya in ana maganar kuɗin allura. Rani ya wuce. Aka buɗe makarantu, ta san an sa Rima aji ɗaya, ba ta san wa ya yi mata kitso ba.

Sai da aka fara huɗar kaka Allawa ya zo, da kwalin alawa a hannu. Ya yi ƙiba kaɗan. Ya zauna a falo da Tayyib, aka kawo gahawa, aka kira Nuwara ta shigo tana dogara sanda. Ya dube ta sau ɗaya, ya mayar da ido kan kofi.

"Baba ya aiko ni," ya ce. "Ya ce abin da ya faru ya faru. Ransa ya ɓaci ƙwarai, an shigo masa gida da motar hukuma a gaban jama'a, mutum mai shekarunsa. Amma ya ce ciwo ne ya sa ki. Ya yafe miki. Ki dawo ɗakinki."

Warda daga bakin ƙofa ta ce, "Ya yafe mata? Shi ne ya yafe mata? Kai, Allawa, ba ka ji nauyin bakinka ba?"

"Warda," in ji Tayyib.

"Bar ni! Sun cinye mata baya, sun cinye mata ɗa, yanzu sun zo da alawa!"

"Ba da ke nake ba," Allawa ya ce a hankali. Ya juyo wurin Nuwara. "Injin ya zo. Yanzu ba wahala. Wanke hantsa ne kawai da wanke bututu da garewani, a zaune ma ana yi. Uwata, Yemma, ba ta iyawa, ni kuma ga gona. Mun ɗauki wani yaro, sai sata."

"Likita ta ce kada ta sunkuya," in ji Warda.

"Ai ba sunkuyo ba ne sosai."

Nuwara ta ce, "Rima fa? In ban koma ba, za a kawo min ita?"

Allawa ya juya kofi a kan faranti. "Kin san Baba. Ya ce makarantarta a can take."

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Shanun, wa ya saya?"

"Mutane daban-daban. Kasuwa ce. Wani bawan Allah daga kudu ya ɗauki biyu, ya ce matarsa ta daɗe tana roƙonsa saniya mai nono." Ya kawar da kai, kamar ya ji abin da ya faɗa. "Da arha Baba ya ba shi."

Tayyib bai ce ta zauna ba, bai ce ta tafi ba. Ya dubi tabarma. Nuwara ta ce wa Warda ta taimaka mata ta haɗa kaya.

Sun isa da la'asar. An yi wa gidan fenti, falon baƙi ya sha tayal. Daga ɗakin shanu ana jin gurnanin inji. Kowace karsana a ciki tana da lamba, tana da takarda a ofishin gona mai ɗauke da ranar haihuwarta da ƙasar da ta fito da allurar da aka yi mata, kuma in ta yi tari akwai wanda za a kira. Gwamnati ta biya a kan kowace lita da ta fita daga gidan nan tun hunturu, ba ta yi kuskuren ko ɗaya ba. Ba a taɓa tambayar hannun wa ya tatso su ba, ba a kuma yi ƙarya a kan wannan ba, tunda babu wanda ya tambaya sai a kan kofin gahawa.

Alhaji Layashi yana zaune a tsakar gida a kan buzu. Nuwara ta taka zuwa gabansa, ta ba Allawa sandar, ta dafa gwiwa ta sunkuya da ƙyar ta sumbaci kansa.

"Ka yi haƙuri, Sidi."

"Ya wuce, 'yata. Allah ya kiyaye gaba. Mu ba ma riƙo." Ya ɗaga murya. "Hadda, a ba ta miyar shorba mai zafi, ta sha hanya."

Rima tana tsaye a jikin ƙofar kicin da rigar makaranta, ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun fita. Ba ta rugo ba. Sai da Nuwara ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado sannan ta biyo ta, ta tsaya nesa kaɗan tana kallon sandar.

"Yemma."

"Na'am. Zo mana."

"Kakana Jaddi ya ce ke kika kira mutanen nan don su yanka mana shanu. Ya ce da sun yanka da ba mu da abinci. Gaskiya ne?"

Nuwara ta dubi yarinyar. A gidan nan za ta kwana yau, a nan za ta tashi gobe, a hannun mutanen nan za ta girma.

"Gaskiya ne," ta ce.

"Kin ba shi haƙuri?"

"Na ba shi."

Rima ta yi ɗan tunani, sannan ta matso ta hau gadon ta zauna kusa da ita.

"To kada ki sake," ta ce.